Zanen da Aka Bari a Kan Dutse

Oslo, 11 ga Fabrairu, 1968

Zuwa ga Kakana Hilmar,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wasiƙar nan ta same ka lafiya, gwiwar nan kuma ta ɗan sassauta maka. Yaya sanyi, yaya tumaki? Ka gaishe mini da maƙwabcinmu Edvin da matarsa Aminda, da duk mutanen Skarvik da ba su yi fushi da ni ba tukuna. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da ta ƙi rabuwa da ni tun Kirsimeti.

Na san abin da za ka ce: yarinyar nan ba ta tuna mutum sai tana da buƙata. To, ka faɗa, na ji, kuma ina da buƙatar. A ofishin ƙamus an danƙa mini kalmomin kuɗi. Aikin ba wuya, sai cin rai. Kowace kalma sai na samo wanda ya ji ta da kunnensa, da garin da ya ji ta, da shekarar, in rubuta a ɗan kati in jefa cikin akwati. Wadda ta tsaya mini a wuya yanzu ita ce laken, wato zanen gado. Yaya aka yi takardar kurona dubu ta koma zanen gado a bakin mutane? Shugabanmu ya ce ai girmanta ne ya jawo mata, kowa ya sani. Amma "kowa ya sani" ba ya shiga kati. Ina son bakin mutum ɗaya, kai kuwa ka yi shekara arba'in kana zama da masunta. Yaushe ka fara jin ta, kuma wa ya faɗa?

Tun da na fara rubuta kalmar nan nake ganin dutsenmu na bakin ruwa. Ina tuna safiyar Alhamis ɗin da zan taho, shekara uku ke nan, kai da kakata Iya kuka shimfiɗa farin zane a kansa don jirgin wasiƙu ya san akwai mai tafiya ya ratso. Ina cikin jirgi ina hangen ku kuna ninke shi, kai a wannan gefe, ita a wancan. Ban san ganina da ita na ƙarshe ke nan ba. Kewar gida tana damuna, Kaka. In Allah ya yarda bana zan zo.

Jikarka,
Oddny

*

Skarvik, 6 ga Maris, 1968

Oddny 'yar boko,

Wasiƙarki ta iso bayan ta sha yawo, don mako biyu teku ta hana Kyaftin Olai mai jirgin wasiƙu ratsowa. Ina lafiya. Gwiwa tana aikinta, ni ma ina nawa. Tumaki shida ne, duk da ransu. Mura kuwa ke kika jawo wa kanki, na tabbata yawo kike ba hula kamar sauran 'yan birni.

Wato biyan ki ake yi ki tambayi tsofaffi shirmen da suka ji a bukkar masunta? Lallai duniya ta yi daɗi. To, ɗauko katinki. Shekarar 1929 ce, a Lofoten, ranar da muka rufe kamun kifi. Mai jirginmu Kornelius ya dawo daga wurin mai sayen kifi yana tafe yana taɓa ƙirji. Ya ciro takardar dubu ya buɗe a kan tebur. Mu takwas ne a bukkar, ba wanda ya taɓa ganin irinta. Sai wani Anton Gajere ya ce, "Kai Kornelius, wannan kashewa ake yi ko lulluɓa? Ai zanen gado ne!" Ya kama kusurwa biyu da 'yan yatsu, ya ce, "Hilmar, riƙe can." Muka ja baya, muka tako muna rangwaɗa, muka haɗa kusurwa kamar mata ranar wanki. Kornelius yana ta ihu, "Ku yaga ta ku gani, 'yan iska, na rantse da iyo za ku koma gida!"

Amma kada ki rubuta cewa Anton ne ya ƙirƙiro. Anton bai taɓa ƙirƙiro komai ba sai ƙarya. A bakin wasu ya ji, su ma a bakin wasu.

Tawa ta kaina sau ɗaya na riƙe, a 1951, shekarar da aka kawo mana ke, marainiya 'yar shekara bakwai. Na miƙa wa kakarki. Ta goge ta da dutsen guga mai ɗumi, ta ninke, ta sa a akwati tsakanin zannuwan gado. Mun sha wuya bayan nan ba sau ɗaya ba, amma ba ta bari an taɓa ba. Tana nan inda ta ajiye ta. Zannuwan ne dai suka lalace a hannuna. Mutum ɗaya ba ya ninke zane, tun da ta rasu cukuikuye su nake in tura.

Labarin gari ba daɗi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Najeriya busasshen kifinmu yake jibge ba mai saya. Hukuma ta ce za ta biya mu kuɗin ƙaura mu bar Skarvik, amma sai kowane gida ya sa hannu. Gida biyar ne, huɗu sun sa. Jiya Aminda ta kawo mini burodi, ta ƙi zama, ta ce, "Baba Hilmar, kai kaɗai ka riƙe mana ƙafa. Yaranmu sai sun tsallake teku kafin su ga malami." Na ce, "Ni ma ai na tsallake, ga ni ban mutu ba." Ta ce, "Ka iya rubuta sunanka dai, shi kaɗai muke nema." Bakinta akwai kaifi, amma gaskiya ta faɗa.

Batun zuwanki, kada ki takura wa kanki.

Kakanki,
Hilmar

*

Oslo, 21 ga Afrilu, 1968

Kakana,

Ina gaisuwa. Ina fatan sanyi ya fara sakin ku, tumaki kuma sun haihu lafiya. Mura ta tafi, kuma na sayi hula, sai ka nemi wani abin faɗan.

Na karanta wa 'yan ofis labarin Anton Gajere, har shugabanmu da ba ya dariya sai da ya cire tabarau ya goge ido. Katinka ya shiga akwati: Lofoten, 1929, daga bakin Hilmar na Skarvik. Shi ne mafi tsufa a hannuna zuwa yanzu. Abu ɗaya ya rage. Ka san ni ban taɓa riƙe takardar dubu ba, albashina ba ya zuwa da irinta. In ka sami sarari ka ɗauko ta Iya ka gwada mini ita da igiyar awo, tsawo da faɗi, in rubuta a bayan katin.

Maganar ƙaura ta tsaya mini a rai. Ba zan ce ka sa hannu ba, ba zan ce kada ka sa ba. Amma ina tunanin ka kai kaɗai da gwiwar nan, in jirgi ya yi mako biyu bai zo ba.

Yanzu ga abin da nake jin nauyin faɗa. An zaɓe ni cikin masu zuwa ƙauyukan Setesdal tattara kalmomi, daga Yuni har ƙarshen Agusta. Wanda ya yi wannan tafiya shi ake tabbatar wa da aiki. In na je, zuwa gida sai Kirsimeti. Na yi ta juya maganar, sai na tuna ka ce kada in takura wa kaina. In ranka bai so ba ka faɗa mini, zan fasa.

Jikarka,
Oddny

*

Skarvik, 9 ga Yuni, 1968

Oddny,

Ina lafiya, ina fatan ke ma haka. Tumaki sun haihu, 'ya'ya bakwai. Rana ta daina faɗuwa kamar kowace bazara a nan arewa, dankali ya tsiro.

Na sa hannu. Aminda ta yi kuka, ta kawo mini burodi biyu. Sauran gidaje za su tashi cikin Agusta. An samar mini ɗaki a Bodø, kusa da ɗan Edvin. Gidanmu ya tsufa, ba zai jure a sake kafa shi ba, don haka na sayar wa wani manomi da katakon. A farkon Satumba zai zo ya kwance. Ni sai na ga tumaki sun sami mai su, zan bi jirgin Alhamis, sha tara ga wata.

Aiki ba abin wasa ba ne, ki yi abin da ya fi miki. Ni ba na buƙatar komai.

Ga takardar kakarki na sa a ciki. Kin san abin da ake yi da ita.

Kakanki

*

Setesdal, 7 ga Yuli, 1968

Kakana rigimamme,

Gaisuwa daga cikin duwatsu. Ina fatan kana lafiya. Ni ƙalau, sai ƙafa da ta kumbura don yawo gida-gida. Tsofaffin nan sun fi ka rowar magana, sai na sha gahawa kofi uku kafin a ba ni kalma ɗaya.

Haba Kaka! Kurona dubu a ambulan, ba ko rajista? Daga Oslo aka biyo ni da ita har nan. Awo kawai na ce ka yi mini, ban ce ka aiko da dukiyarka ta yi yawon duniya ba. Na dai gode. Na shimfiɗa ta a kan tebur na gwada da rula, tsawonta ya haura santimita ashirin. Ashe Anton bai yi ƙarya ba a wannan karon. Har yanzu tana ƙamshin akwatin Iya, na daɗe ina shinshina ta. Ga ta nan na mayar maka ta rajista, ka sa hannu wurin Olai ka karɓa. Za ka buƙace ta a sabon wuri, birni ba ya raga wa aljihu.

Na ji ka sa hannu. Na san abin ya yi maka ciwo ko da ba ka faɗa ba. Ni ma na yi kuka da na tuna ba zan sake hawa matakalar nan mai ƙara ba. Na so in zo, amma tunda ka ce in yi abin da ya fi mini, kuma ba ka buƙatar komai, zan ƙarasa aikin. Da Kirsimeti ina nan tafe Bodø in ga ɗakinka, in ninke maka zannuwan da ka cukuikuye.

Jikarka,
Oddny

*

Oslo, 4 ga Satumba, 1968

Kaka,

Lafiya kuwa? Na dawo Oslo, na tarar ba wasiƙarka. A Setesdal ma kullum sai na tare mai rabon wasiƙu a hanya, har ya fara kauce mini. Takardar rajista ta nuna ka karɓi saƙo, ga sa hannunka na gani. Wata biyu ke nan shiru.

An tabbatar mini da aikin. Na ɗauka zan yi murna, amma wanda nake son in gaya wa ya ƙi kula ni. In ciwo ne, ka sa Olai ya rubuto. In kuma laifi na yi, ka faɗa mini ko mene ne. Na sake karanta wasiƙunka har na haddace su, ban gano ba. Ko zagi ne ka aiko, zan karɓa.

Jikarka,
Oddny

*

Bodø, 6 ga Oktoba, 1968

Oddny,

Ina lafiya. Ba ciwo ba ne. Wasiƙarki ta same ni a Skarvik, na sa ta a aljihu na yi ta yawo da ita. Ina taya ki murnar aiki, da gaske nake. Ɗakin nan yana da ɗumi, ruwa yana zuwa da kansa ta famfo, taga kuma tana kallon bangon wani. Ba laifi.

Fushi na yi, kuma fushin tsoho ba shi da kyan gani. Ranar da Olai ya miƙo mini ambulan ɗinki ya ce, "Hilmar, jikar taka ta fara aiko da kuɗi ke nan, ka huta." Na buɗe a gabansa. Da na ga abin da ke ciki sai na zauna a kan dutse. Ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Ja jirginka, kana ɓata wa mutane lokaci."

Daga baya da na huce na gane rabin laifin nawa ne. Ke ba ki san abin da kakarki ta ce ba ranar da ta goge takardar nan. Na tambaye ta ajiyar mece ce. Ta dube ki, kina bakin ƙofa kina leƙen teku, ta ce, "Yarinyar nan mai tafiya ce, dubi ƙafarta. Kuɗin tafiya kowa zai ba ta. Wannan na dawowa ne." Shekara goma sha bakwai tana kwance tana jiran wannan aiki. Kuɗin jirginki ne na aiko miki, Oddny. So nake ki zo ki ga gidan da rufinsa, ki kwana a ɗakinki ko sau ɗaya. Ke kuma kika ɗauko rula.

Za ki ce me ya hana ni faɗa. Mu mutanen Skarvik ba mu iya roƙo da baki ba, haka aka haife mu. In mun ce ba ma buƙatar komai, wanda ya san mu sai ya ɗauko rigarsa ya taho. Na ɗauka har yanzu kina jin wannan yaren. Na manta aikinki shi ne ki rubuta abin da mutum ya faɗa daidai yadda ya faɗa. To, ga shi yau da baki, ki sa a kati in kina so: na yi kewarki. Kowace Alhamis ta Yuli da Agusta sai na yi aski na sauka bakin ruwa.

An kwance gidan cikin kwana huɗu. Na koma rumfar kwalekwale da akwatin kakarki. Edvin da Aminda sun riga sun tafi, ni na ɗauke musu zanensu daga kan dutse, kamar yadda na ɗauke wa sauran. Kin san yadda abin yake, mai tafiya ya shimfiɗa, wanda ya rage ya ɗauke. Ban taɓa tunanin na ƙarshe ba sai da ya zama ni.

Safiyar sha tara ga wata na ɗauko zanen nan da kakarki ta saƙa da hannunta, wanda muka shimfiɗa miki. Akwai iska, sai na danne gefunansa da duwatsun harsashin gidanmu. Olai ya ratso, aka loda akwati. Yaransa suka ce in ɗauko zanen. Na tsaya a kansa, na kama kusurwa biyu, na duba ɗaya gefen. Sai na sake shi na shiga jirgi. Olai ya daɗe bai tayar da inji ba. Na yi ta hangen farinsa har muka sha kwana.

Shekaranjiya na gamu da shi a tashar jiragen ruwa. Ya ce, "Kai tsohon banza, ka bar mini masifa. Zanenka yana nan. Shekara ashirin ƙa'idata ɗaya ce, in na ga zane a kan dutse dole in ratsa. Yanzu duk Alhamis sai hannuna ya rage gudu da kansa, kafin in tuna ba kowa." Na ce ya yi haƙuri, guguwar hunturu za ta raba shi da shi.

Ga takardar na sake aikowa, ta rajista, kada ki yi mini faɗa. An riga an auna ta.

Kakanki,
Hilmar

*

Oslo, 11 ga Oktoba, 1968

Kakana,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ni ban san ko lafiya nake ba. A tsaye na karanta wasiƙarka a gidan waya, sai da wata tsohuwa ta kama hannuna ta zaunar da ni.

Ka yafe mini. Ni da aka raina a gidan nan, ni da na sha ganin Iya tana cewa ta ƙoshi don in cinye nata, ni ce na karanta "ba na buƙatar komai" na yarda. Na riƙe takardar a hannuna, na shinshina ƙamshin Iya a jikinta, ban tambayi kaina me ya sa mutumin da bai taɓa ta ba ko a shekarun yunwa zai jefa ta a ambulan. Gidan ya tafi, ba zan sake ganin sa ba, kuma ni na jawo wa kaina. Wannan zai daɗe yana cin raina.

Daga gidan waya tashar jirgin ƙasa na wuce. Na miƙa wa mai sayar da tikiti takardar Iya. Ya buɗe ta ninki bayan ninki, ya ɗaga ta sama, ya ce, "Baiwar Allah, wa ya goge miki zanen gadon nan haka? Ai sai ki sa in ji kunyar karɓa." Ka ga kalmata ta fito daga bakin mutum, a gabana, da gari da shekara. Katuna suna cikin jakata, ban ko taɓa su ba. Na ce, "Kakata ce. Ba ni na Bodø."

Na gaya wa shugabanmu zan yi kwana goma. Ya fara maganar sabon ma'aikaci da hutu, na ce masa tikiti yana hannuna. Zan taso Litinin, in iso Talata da yamma. Kada ka zo tarya da gwiwar nan, na san hanya. In kuma ka ce ba ka buƙatar komai, zan zo da gahawa da safa da sabuwar reza.

Ka nemo Olai ka gaya masa ranar Alhamis yana da fasinja biyu, zuwa da dawowa. Ba zan bar wa guguwa zanen Iya ba. Minti goma ya ishe mu, kai a gefenka, ni a nata. Na san zai ce an cire Skarvik daga hanyarsa, ba tasha ba ce yanzu. In ya faɗa, ka tuna masa ƙa'idarsa. Akwai zane a kan dutse, dole ya ratsa.

Jikarka mai dawowa,
Oddny